Kafin Watan Azumi Ya Tsaya a Kwandiko

Kwandiko, ƙasar Gwaram, shekara ta 1892 a lissafin Lokoja

Alhamis, uku ga Sha'aban, da hantsi

Sun ba ni wata guda, watan ma bai cika ba. Maigari ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka kira ni, na durƙusa daga nesa. Aka ajiye mini abu biyu, in ɗauki ɗaya kafin watan azumi ya tsaya. Ko in miƙa littafina na addini a haƙa rami a binne, in je gaban liman in ce na bar hanyar Almasihu, ko in ɗaure kayana in bar gari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

Ya ce, "Ji kawai?"

Na ce, "Ji kawai, ranka ya daɗe."

Ni ce Safiyatu 'yar Mero. Na rubuta ne don a garin nan an fara yi kamar ba a sani ba. A bakin rafin can mahara suka ɗauke ni ina 'yar shekara takwas. Sau huɗu aka sayar da ni kafin in kai Lokoja, inda masu bin Yesu Almasihu, wanda nan ake kira Annabi Isa, suka fanshe ni, suka koya mini karatu da rubutu. A can na yi aure, a can na binne mijina, Allah bai ba mu haihuwa ba. Bayan shekara talatin na biyo fatake har Birnin Kudu, na ƙarasa da ƙafa don in ga ko uwata tana da rai. Na same ta a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Wata biyar ke nan.

Ƙanena Malam Hambali yana cikin dattawan. Yana goye a bayan Inna ranar da aka ɗauke ni, yau shi ne mai makarantar allo a unguwarmu. Har aka watse carbinsa yake kallo. Tun da na zo bai taɓa ce mini Yaya ba, sai "baiwar Allah", sai ka ce wata mai tallan daddawa ce ta yi sallama.

Ba zan ba da littafin ba, ba kuma zan bar Inna ba. Yadda waɗannan biyun za su zauna wuri ɗaya, wannan aikin Ubangiji ne, ni dai na faɗa Masa.

Juma'a, huɗu ga wata, da la'asar

Nan ba a kiran sunan ciwon, wai kada ya ji ya zo. Ai ya riga ya zo. Zan rubuta shi sau ɗaya don ya san ba na tsoronsa: agana.

Wai a cikin kayana ya shigo gari, wai littafin ne ya jawo shi. Wata biyar ina zaune kowa lafiya ƙalau, sai da aka dawo daga cin kasuwar Gwaram yara suka fara kwantawa, amma ni ce mai laifi. To, na ji. Mai tsoro dole ya samu wanda zai nuna da yatsa, ni ce kuma na fi kusa da yatsan.

An kafa bukkoki shida a bayan gari, gindin dutse. Duk wanda abin ya fito masa can ake kai shi. Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiyar hanya, nan 'yan uwa ke ajiye kunu da ruwa su juya, ba mai ƙetare shi.

Lahadi, shida ga wata, da sassafe

Na yi sujadata a bayan rumbu, ni kaɗai da kaji. A Lokoja war haka mun cika ɗaki, ana waƙa har ciyawar rufi na motsi. Na rera tawa a hankali. An koya mana cewa ko mutum biyu suka taru Yana tsakiyarsu. Na ce, Ubangiji, yau ɗaya ce, sai Ka yi haƙuri Ka zo haka nan. Na ji sanyi a raina, na tashi na ɗora tukunya.

Abin da ke cin raina ba Maigari ba ne. Inna ce. Tana ba ni tuwo, tana gyara mini shimfiɗa, amma wata biyar ba ta kira sunana ba ko sau ɗaya. "Ke." "Waccan." "A ce da ita ta zo." Hambali kuwa sunansa ba ya barin bakinta. Wata rana sai in ce ko ita ma ba ta yarda ni ce ba.

Zancen bakin rafi ba zan rubuta ba.

Talata, takwas ga wata, da azahar

Matar Sabo maƙeri ta rasu a bukka. Baba Fatsuma ce ta je ta yi mata wanka. Maƙwabciyarmu ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ita ce mai wankan gawar mata a garin nan shekara da shekaru. Na tare ta a hanya na ce, "Baba, fuskarki sumul take, abin nan bai taɓa kama ki ba. Ki bar ni in shiga, dubi tawa fuskar."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na ga zanzanarki, kamar an yi shuka ba a rufe ba. Amma ke da wane tsarkin za ki wanke Musulma? Matsa mini."

Na matsa. Bakinta kamar barkono, amma ita kaɗai ce har yanzu take shan ruwa a ƙwaryar da na sha.

Alhamis, goma ga wata, da magariba

Inna ta ce bayanta na ciwo. Jikinta zafi rau. Gajiya ce.

Asabar, da hantsi

Gajiya ce.

Lahadi, sha uku ga wata, da la'asar

Ya fito mata a goshi da bayan hannu.

Maza biyu suka zo da makara za su ɗauke ta, suka tsaya a bakin ƙofa kowa na jiran ɗan uwansa ya fara shiga. Na ce su kauce. Na goya ta da zanena, ba ta fi ɗaurin kara nauyi ba. Hambali ya biyo mu har dutsen, can ya tsaya.

Ya ce, "Baiwar Allah, in kika ƙetare dutsen nan ba za a bar ki ki dawo cikin gari ba."

Na ce, "Malam, da ma korata ake yi. Ka gaya wa Maigari na rage masa wahala."

Na ƙetare.

Sun ce in bar gari, na bar gari. Ba su ce in bar Inna ba. Littafin yana ƙuguna, a naɗe cikin fata, ko gezau.

Talata, sha biyar ga wata, da azahar

Mutum tara ne a bukkokin, har da yara uku. Kafin in zo ba mai duba su sai Ɗanbala mai haƙar kabari, shi ma mai zanzana ne, amma namiji ne kuma aikinsa ya ishe shi. Na tarar da wata yarinya kunu na gabanta tun jiya, hannun ɗauka ne babu.

Na kwaso yashi mai laushi daga rafi na shimfiɗa musu, don tabarma na kama fata. Ina dafa ruwan sabara, ina ba su kunun tsamiya da bakin ludayi kaɗan kaɗan, ina korar ƙuda da reshe har kafaɗata ta ƙage. Wari kuwa ba a magana.

Wani tsoho ya ture ludayin ya ce ba ya sha daga hannun Nasara. Na ce, "Baba, kunun daga gidanka aka kawo shi, ludayin na matarka ne, hannun kawai ne nawa. Rufe ido ka sha." Ya rufe ido ya sha.

A wurinmu an ba da labarin yadda Almasihu Ya miƙa hannu Ya taɓa kuturu, alhali kowa na gudunsa. Da ina jin labarin ne kawai da kunne. Yanzu in ƙyama ta taso mini sai in ce, Kai da Ka taɓa wancan, riƙe mini cikina. Yana riƙewa.

Laraba, sha shida ga wata, da la'asar

Baba Fatsuma ta kawo kunu dutse, ta zauna a gefenta, ni a gefena. Ban san yadda aka yi ba bakina ya suɓuce. Na ce, "Baba, ina goya ta, ina share ta, har yau ko sunana ba ta faɗa ba. In ba ta yarda ni 'yarta ce ba, a gaya mini in sani."

Ta yi tsaki har sai da tsuntsu ya tashi daga kan kuka. Ta ce, "Lallai kin daɗe a wajen mutanen bakin kogi, har hankalinki sun wanke da ruwan. Ke ba 'yar fari ba ce? A garin nan wace uwa ce mai kunya take kiran sunan ɗanta na fari? Da baƙuwa ta ɗauke ki, ai da tun ranar da kika zo take Safiyatu kaza, Safiyatu kaza. Ranar da kika yi sallama ta ɗago ta gan ki, ta sunkuyar da kai ta ce a ba waccan ruwa, ni a nan na san Mero ta gane 'yarta."



Ta ƙara da cewa, "Shekara talatin, duk yarinyar da aka raɗa wa sunan nan a Kwandiko, Mero ba ta iya kiranta, sai ta ce mai sunan waccan. Ke kuwa kin zauna kina kumbura kamar kwaɗo. Ɗauki kununki ya huce."

Ina da shekara takwas aka raba ni da garin nan. Na riƙe harshen, na riƙe hanyar rafi, wannan ɗaya na manta. Wata biyar ina jin haushin abin da shi ne shaidata. Na koma bukka, Inna ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ke, ruwa." Ban taɓa jin daɗin kira irin wannan ba. Na yi kuka har ruwan ya zube rabi.

Juma'a, sha takwas ga wata, da hantsi

Biyu sun tafi. Ɗaya yarinyar nan ce mai kunu.

Yau ban yi addu'a ba. Ya san dalili.

Asabar, da hantsi

Na yi. Faɗa na yi da Shi, amma dai na yi.

Lahadi, ashirin ga wata, da azahar

A cikin addu'ar da muke yi kullum akwai wurin da mutum ke roƙon a yafe masa kamar yadda shi ma yake yafe wa wasu. Shekara ashirin da wani abu ina isowa wurin nan in yi sauri in wuce, kamar mai wuce gidan da ke da kare. Na yafe wa mahara, na yafe wa waɗanda suka saye ni, har wanda ya ƙona mini kafaɗa. Saura mutum ɗaya.

To, bari in rubuta, in huta. Muna gudu daga bakin rafi, Hambali a bayanta, hannuna a cikin nata. Na yi tuntuɓe. Dawakai sun matso. Daga nan hannuna ba ya cikin nata. Iyakar abin ke nan.

An kawo Baba Fatsuma ɗazu. Da ƙafarta ta ƙetare dutsen, tana zagin masu son ɗaukarta.

Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, da la'asar

Ɗanbala ya ce Hambali ya fita tun asuba da sandarsa da gora, ya nufi Birnin Kudu wajen malamin da ya karantar da shi. Bai gaya wa kowa dalili ba. Ni na sani. Uwarsa na kwance ya tafi neman hukuncin da za a yanke wa mai ridda. To, ya je ya dawo lafiya. Su zo da igiya in sun ga dama, an taɓa ɗaure ni da wadda ta fi tasu kauri. Wancan karon ba ni da kowa, wannan karon ina da Mai tsaya mini.

Saura kwana takwas ko tara wata ya tsaya.

Laraba, ashirin da uku ga wata, da azahar

Maigari ya aiko. Ɗan aiken ya tsaya can nesa da dutsen yana ɗaga murya, wai a tuna mini wa'adi, wai bukkokin ma ƙasar Kwandiko ce. Na ce ya matso in ba shi amsa a kunne. Bai matso ba.

Inna ba ta iya haɗiye kunu yanzu. Ina jiƙa tsumma ina matsa mata a leɓe. Idonta ya rufe da kumburi. Ina zama kusa da kanta in yi ta rera waƙoƙinmu ƙasa ƙasa. Ba ta hana ni ba. Da na yi shiru sai ta motsa yatsa, na ci gaba. Da lokacin salla ya yi kuwa, ni nake juya ta ta fuskanci gabas, don na san abin da za ta so ke nan.

Asabar, ashirin da shida ga wata, da la'asar

Da hantsi ta laluba ta kama hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba, har farcenta ya shige ni. Ta ce wani abu ban ji ba, na kai kunne.

Ta ce, "Ke. Ban saki ba. Kin gani, wannan karon ban saki ba."

Na ce, "Na gani, Inna."

Ta ce, "Ki yafe."

Na so in faɗa, na kasa. Na ce a zuci, Yesu, Kai Ka yafe wa waɗanda suka buga Maka ƙusa, ni tawa ta fi ƙarfina, ara mini Taka. Sai na ji bakina yana cewa, "Na yafe, Inna, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini." Da na faɗa kuwa sai na tarar gaskiya ce.

Ta yi kalmar shahadarta, leɓe kawai ke motsi. Ba ta saki ba har rana ta take tsaka. Ni ce na zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ɗin dai, da magariba

Ɗanbala ya kai labari gari. Na zauna ina tunanin wa zai wanke ta. Baba Fatsuma ba ta san inda kanta yake ba. Matan gari ba wadda za ta ƙetare dutse, ban kuma ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya.

Sai na hango Hambali. Jiya ya dawo ashe, ƙafarsa duk ta faffashe. Maigari da liman da mutane na biye da shi. Suka tsaya a dutse. Ya ajiye farin saƙi da ganyen magarya da sabuwar ƙwarya, ya juya ya fuskanci jama'a, ya yi magana yadda har ni ina ji.

Ya ce, "Tun ranar da Baba Fatsuma ta kwanta na san za a zo nan, shi ya sa na tafi Birnin Kudu. Na tambayi malamina. Ya ce wadda aka sace tana ƙarama ba ta san fari da baƙi ba, ta tashi a hannun ma'abota Littafi, ba za a yi gaggawar yanke mata hukunci ba. Ya ce kuma in mace ta rasu babu Musulmar da za ta wanke ta, ana iya koya wa ma'abociyar Littafi ta yi. Ni zan koya mata. Wanda yake da wata matar da za ta shiga, ya kawo ta yanzu."

Liman ya gyaɗa kai.

Ya ƙetare dutsen. Na daka masa tsawa ya koma, bai koma ba. Ya zo ya tsaya a bayan zanan bukka, inda iska ke kaɗawa daga wajensa, ya juya baya. Ni a ciki, shi a waje, zana a tsakaninmu. Ya yi bisimilla.

Ya ce, "Ki rufe ta da zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Ki naɗe hannunki da tsumma, ki yi mata tsarki." Na yi. Ya koya mini alwala gaɓa gaɓa, ina yi ina cewa na yi. Na ce masa fatar ba za ta ɗauki cuɗa ba. Na ji yana jan hanci, ya ce in zuba ruwan kawai a hankali. Na wanke kai da ruwan magarya. Na ɗebo ruwa na tsaya ina jira, don ban san ta ina ake farawa ba.

Ya ce, "Yaya, fara da dama."

Na fara da dama.

Sau uku muka yi. Na raba gashinta gida uku na kitsa, na naɗe ta a farin saƙin da ita ta kaɗa zarensa. Yana nasa addu'o'in a waje, ina nawa a ciki, ba wanda ya hana wani. Ni da Ɗanbala muka fito da makarar muka ajiye, suka yi sahu daga can suka sallace ta. Na tsaya a gindin kuka har aka gama rufewa.

Lahadi, ashirin da bakwai ga wata, da sassafe

Hannuna na dama akwai sawun farce huɗu. Ban sa magani ba.

Talata, ashirin da tara ga wata, da magariba

An ga wata. Na ji guɗa da ganga daga cikin gari. Na zauna a kan dutse da littafina a cinya, a fili, don duk mai zuwa ya same ni da shi. Na jira har duhu ya fara. Ba wanda ya zo.

Laraba, ɗaya ga azumi, da hantsi

Hambali ne ya zo, shi kaɗai, da ƙwaryar kunu da gumbar sadakar Inna. Na duba fuskarsa da wuyansa da kyau, ba komai tukuna. Sai an yi kwana goma sha biyu da ƙetarewarsa abin bai fito masa ba zan saki raina, na kuma gaya wa Ubangiji ba zan bar Shi Ya huta ba har ranar.

Na ce, "Maigari fa?"

Ya ce, "Ya ce a bar zancen sai bayan salla. Na ce masa bayan salla ma ina nan." Ya dubi littafin, ya kau da kai. "Ban yarda da abin da ke cikinsa ba. Ba zan daina roƙon Allah Ya juyo da ke ba."

Na ce, "Ni ma ina roƙa maka, Malam. Sai mu ga wanda zai fara gajiya."

Ya kusa yin dariya. Ya zaro mazarin Inna daga aljihu, da sauran zare a jikinsa, ya ajiye a kan dutse. Ya ce gado ba ya bi ta kaina, na sani, amma wannan ba gado ba ne, shi ya ba ni.

Daga bukka Baba Fatsuma ta ɗaga murya tana tambaya ko kunun sai ya yi tsami za a kawo mata. Tunda ta fara zagi, ta tashi ke nan. Saura mutum biyar a kwance. Na ɗauki ƙwaryar na miƙe.

Ya ce, "Yaya, gobe me zan kawo?"

Na ce ya kawo tsamiya, ta ƙare.